Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Kwamfuta Kama Wi-Fi na Gida, da Yadda Ake Daidaita Katinta da Zangon Rauta

Abin yakan zo ne a haka: wayar hannu ta kama Wi-Fi ɗin gida tana aiki lafiya lau, talabijin ma ta kama, amma laftof ta ƙi. Ko dai sunan bai fito a jerin ba sam, ko ya fito a sa kalmar sirri ta ce ba za ta iya haɗuwa ba, ko kuma ta haɗu tana tafiyar hawainiya. Mutane da yawa sai su ɗauka katin Wi-Fi da ke cikin laftof ɗin ya ƙone, su nufi shagon mai gyara a sake musu Windows, a karɓi kuɗinsu, su dawo gida matsalar na nan daram. A mafi yawan lokuta katin lafiyarsa ƙalau, shi da rautar, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi ɗin gidan, su ne ba sa haɗuwa a zango ɗaya.

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo ya san wannan. Akwatin da FM kaɗai gare shi ba zai kamo tashar gajeren zango ba, ko da an miƙe eriyarsa ta taɓa rufin ɗaki. Wi-Fi ma rediyo ne. Yana da zango uku: 2.4 GHz, da 5 GHz, da sabon nan 6 GHz. A cikin kowane zango akwai tashoshi masu lamba. Kafin kwamfuta ta hau intanet dole abu uku su daidaita: katinta ya iya jin zangon, tashar da rauta take watsawa a kai ta kasance cikin waɗanda aka yarje wa katin ya saurara, sannan su biyun su yi ittifaƙi a kan tsarin magana da na tsaro. Binciken duka bin waɗannan ukun ne ɗaya bayan ɗaya, kuma a wannan jeri, don kada a kashe kuɗi a kan abin da saiti zai gyara.

Wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu. Idan ka ga sunan Wi-Fi ya ƙare da 5G, kamar Gida_5G, ana nufin zangon 5 GHz ne. Ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na layin waya da MTN ta fara a Najeriya a 2022, Airtel kuma a 2023. Rautar sabis ɗin 4G tana iya watsa Wi-Fi a 5 GHz, haka kuma tsohuwar laftof mai zangon 2.4 kaɗai tana iya hawa rautar 5G muddin an bar mata zangonta a kunne.

Mataki na farko: tambayi katin abin da ya iya

A Windows, danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe rubuta:

netsh wlan show drivers

Nemi layin da ya fara da Radio types supported. A nan amsar take. Idan abin da ke gabansa 802.11b da 802.11g da 802.11n ne kawai, katin nan zangon 2.4 kaɗai ya sani, kuma babu direba (wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa katin da ita) ko saitin da zai koya masa 5 GHz, domin kayan da zai ji zangon da shi ba a sa masa su ba tun daga masana'anta. Idan kuwa ka ga 802.11a ko 802.11ac a cikin jerin, katin yana jin 5 GHz. Idan akwai 802.11ax, katin Wi-Fi 6 ne.

Harafin n shi ne ke yaudarar mutane. Tsarin 802.11n, wanda aka tabbatar a 2009, yana iya aiki a zango biyun, amma ba a wajabta wa masu ƙera kati su sa 5 GHz ba. Saboda haka masu araha suka tsaya a 2.4. Shi kuwa 802.11ac na 2013 a 5 GHz kaɗai yake aiki, shi ya sa ganinsa hujja ce kai tsaye.

Layin farko-farko na wannan allon zai kuma nuna sunan katin. A cikin laftof na hannu da ke shigowa kasuwanninmu daga Turai da Amurka, waɗannan su ne waɗanda aka fi cin karo da su masu zangon 2.4 kaɗai: Realtek RTL8188EE da RTL8723BE da RTL8723DE, Atheros AR9285 da AR9485 da QCA9565, Broadcom BCM4313 da BCM43142, sai Intel Centrino Wireless-N 1000 da 2230. Masu zango biyu sun haɗa da Intel Centrino Advanced-N 6205 da ke cikin tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da yawa, da Intel 3165, Dual Band 7265, 8260, 8265, 9260, da Realtek RTL8821CE da RTL8822CE, da Qualcomm QCA9377. A kula da Intel 7260, domin iri uku ne masu lamba ɗaya: Wireless-N 7260 zangon 2.4 kaɗai, Dual Band Wireless-N 7260 da Dual Band Wireless-AC 7260 kuma zango biyu. Kalmar Dual Band ɗin ita ce abin dubawa.

Idan Windows ba ta san katin ba kwata-kwata, wato ya fito da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a Device Manager, shafin Windows da ke jera kayan da ke cikin kwamfuta, buɗe Properties ɗinsa, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN ita ke faɗin kamfanin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek. Da ita da lambar DEV za ka nemo ainihin direban, ba ka tsaya canki-canka ba.

Masu Linux su rubuta iw list su duba jerin mitocin. Lambobi daga 2412 zuwa 2472 zangon 2.4 ne, daga 5180 zuwa 5825 kuma zangon 5. Duk tashar da aka rubuta disabled a gabanta katin ba zai taɓa ta ba. A Mac, danne Option sannan ka latsa alamar Wi-Fi, zai nuna tasha da zango da lambar ƙasa da ƙarfin sigina.

Gwajin minti biyu da wayar hannu

Kafin a taɓa rauta, akwai gwajin da ke raba gardama. Kunna hotspot na wayarka. A yawancin wayoyin Android akwai wurin zaɓen zango a cikin saitinsa. Sa shi a 2.4, duba ko laftof ta gani, sannan mayar da shi 5 ka sake dubawa. A iPhone 12 zuwa sama, kunna Maximize Compatibility yana mayar da shi 2.4, kashe shi kuma yana barin sa ya yi amfani da 5. Idan laftof ta ga duka biyun ta hau, katin ya fita daga zargi, laifin yana cikin saitin rauta. Idan ta ga 2.4 kaɗai, ka koma ga abin da netsh ya faɗa. Idan ba ta ga ko ɗaya ba, duba maɓallin kunna Wi-Fi na jikin laftof, da yanayin jirgin sama, da direba, kafin komai.

Mataki na biyu: shiga rauta ka raba zangunan

Shiga da na'urar da ke haɗe da rautar, waya ko kwamfuta da kebul. Adireshin shiga da kalmar sirrin mai kula suna rubuce a takardar da ke manne a gindin rautar. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Idan takardar ta goge, rubuta ipconfig a baƙin allon nan ka duba Default Gateway.

Sababbin rautoci suna zuwa da zango biyun a ƙarƙashin suna ɗaya, su da kansu suke zaɓa wa kowace na'ura inda za ta zauna. Wasu kamfanoni suna kiran wannan Smart Connect, wasu Band Steering, wasu 5 GHz Preferred. Dabara ce mai kyau ga sababbin na'urori, amma tana rikita tsofaffi, kuma tana hana ka ganin abin da ke faruwa. Kashe ta, ka ba kowane zango sunansa, misali Gida24 da Gida5. Sunan ya zama haruffan boko na yau da kullum da lambobi, ban da ƙ da ɗ da ɓ da hotunan murmushi, domin wasu tsofaffin katuna da na'urori ba sa karanta su daidai. Masu Starlink ma suna da wannan zaɓi na raba zango biyun a cikin manhajar wayar.

Ka tabbata kuma zangon da kake nema a kunne yake, kuma ba a ɓoye sunansa ba. Ƙananan MiFi na aljihu da yawa 2.4 kaɗai gare su. Wasu kuma suna da biyun amma ɗaya suke iya watsawa a lokaci guda, don haka da zarar wani ya mayar da ita 5 GHz, duk masu 2.4 a gidan sun faɗi.

Mataki na uku: tasha, inda matsalar ta fi ɓuya

Wannan shi ne wanda ya fi wahalar da mutane, domin alamarsa kamar ta aljanu ce: yau kwamfuta ta ga Wi-Fi, gobe bayan an ɗauke wuta an dawo da ita sai ta nema ta rasa, jibi kuma ya dawo da kansa.

Dalilin shi ne kowace ƙasa tana da tashoshin da ta halatta. A zangon 2.4, Amurka tana amfani da 1 zuwa 11, Turai da mafi yawan duniya 1 zuwa 13. Katin da aka saita don kasuwar Amurka sau da yawa ba ya leƙa 12 da 13. To, ga laftof ta hannu da ta fito daga Amurka, ga rauta da aka ƙera don Turai ko Chaina an bar tasharta a Auto. Duk lokacin da rautar ta tashi sai ta saurari maƙwabta ta zaɓi inda ba cunkoso. Ranar da ta faɗa 6 komai lafiya. Ranar da ta faɗa 13, laftof ta makance. A wurin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana, rautar tana sake wannan zaɓe sau da yawa a rana.

Maganin shi ne a cire Auto a kafe tashar da hannu. A 2.4 zaɓi 1 ko 6 ko 11. Waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna, domin tazarar tasha da tasha 5 MHz ce, alhali kowace watsawa tana cin kusan 20 MHz. Wanda ya zaɓi 3 ko 9 da sunan gudun cunkoso ya shiga tsakanin maƙwabta biyu ne yana shan hayaniyar kowannensu. Don sanin wacce ta fi sarari cikin ukun, rubuta:

netsh wlan show networks mode=bssid

Zai jero duk Wi-Fi na unguwar da tasharsu da ƙarfinsu. Zaɓi wadda masu ƙarfi ba su taru a kai ba. Faɗin tasha kuma a bar shi 20 MHz. Sa 40 MHz a wannan zango yana ninka lambar gudu a takarda, amma a gidan haya ko rukunin shaguna yawan katsewa kawai yake jawowa.

A zangon 5 abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin tashoshin rukuni-rukuni ne. Akwai 36, 40, 44, 48. Akwai 52 zuwa 64, da 100 zuwa 144. Sai 149 zuwa 165. Rukunan tsakiyar nan biyu ana tarayya a kansu da na'urorin rada na jiragen sama da na hasashen yanayi, don haka doka ta sa rauta ta yi shiru tana saurare na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa a kansu, kuma a tsarin Turai jiran yana kai minti 10 a tashoshi 120 zuwa 128. Idan ta ji rada tana cikin aiki, dole ta bar tashar nan take. Ana kiran wannan ƙa'ida DFS. Shi ya sa wani zai ce Wi-Fi ɗinsa na 5 ba ya fitowa sai an jima da kunna rauta, ko yana ɓacewa haka kawai, musamman gidajen da ke kusa da filin jirgin sama. Wasu katuna masu araha da ƙananan na'urorin USB ma ba sa shiga waɗannan tashoshi ko kaɗan.

Saura rukuni biyu na gefe. Katunan da aka saita don Turai ko Japan sau da yawa ba sa ganin 149 zuwa 165, alhali rautocin kasuwar Chaina sun saba tashi a can. Saboda haka fara da 36, da faɗin 80 MHz. Idan katin bai gani ba, gwada 149. Da wuya a sami kati mai zango biyu da zai rasa duka biyun. Kada a sa 160 MHz yayin bincike, domin wannan faɗi dole ya ratsa tashoshin rada, kuma tsofaffin katuna ba su san shi ba.

Wasu katunan Realtek da Ralink suna da wurin canza yanki a shafin Advanced na Device Manager, da sunan Country Region, inda za a iya buɗe 1 zuwa 13. Katunan Intel ba su ba da wannan dama a Windows. Su da kansu suke tantance ƙasar da suke daga abin da rautocin kewaye ke shelantawa. A Linux, iw reg get yana nuna lambar ƙasar da katin ke bi. Idan 00 ce, yana kan tsarin taka-tsantsan na duniya baki ɗaya. Ana canzawa da sudo iw reg set da lambar ƙasa, NG ga Najeriya, sannan a sake duba iw list, domin kowace lamba da tashoshin da take buɗewa da waɗanda take rufewa. Ra'ayinmu dai shi ne gyara tashar rauta ya fi sauƙi da ɗorewa, tunda yana warkar da duk na'urorin gidan a lokaci ɗaya.

Mataki na huɗu: yana ganin sunan amma ya ƙi haɗuwa

Idan an kai nan zango da tasha sun daidaita, saura tsaro da tsarin magana.

Tsarin tsaron Wi-Fi mai suna WPA3 ya fito a 2018, kuma sababbin rautoci da yawa suna zuwa da shi a kunne, ko shi kaɗai ko a gauraye da WPA2 da ya gabace shi. Windows 10 ta fara fahimtarsa daga sigar 1903, amma sai katin da direbansa ma sun iya. A ƙa'ida gaurayen ya kamata ya karɓi kowa. A aikace wasu tsofaffin katuna da sun ga alamar WPA3 a shelar rauta sai su rikice, su ce kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take. Mayar da tsaron WPA2-PSK da AES. Idan akwai wani zaɓi mai suna PMF ko 802.11w an sa shi Required, mayar da shi Optional ko ka kashe.

Kada kuma a zarce a koma tsofaffin tsare-tsaren tsaro na WEP ko TKIP. Ban da raunin tsaro, tsarin 802.11n ya hana babban gudu a kansu, don haka haɗin zai tsaya a 54 Mbps ko da katin da rautar sun iya ninkin-ba-ninkin haka. Duk wanda ya ga gudun haɗinsa ya kafe a 54, wannan ne wurin fara dubawa.

Akwai kuma wata sananniyar matsala tsakanin rautocin Wi-Fi 6 da tsofaffin katunan Intel irin su 3160, 3165, 7260, 7265, 8260 da 8265. Da tsohon direba, katin ba ya nuna sunan rautar a jerin ma, duk da cewa yana jin zangon. Intel da kanta ta sanar da wannan, kuma sabunta direba ne maganinsa. Tunda laftof ɗin ba ta kan intanet, haɗa ta da waya ta kebul ɗin USB ka kunna tethering don ta sha intanet ɗin wayar, ko ka sauke direban a wata na'ura ka kawo a filas. A ɗauko shi daga shafin Intel ko na kamfanin laftof ɗin, ban da manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya. Idan ba a sami sabon direba ba, sai a sauko da rautar: a saitin Mode cire ax, a bar b/g/n a 2.4, a/n/ac a 5.

Duba shafin Advanced na katin ma. Wani lokaci mai gyaran da ya gabata ya kafe Wireless Mode a 802.11b/g, wanda hakan ya rufe 5 GHz gaba ɗaya. Mayar da shi zaɓin da ya ƙunshi a, b da g, ko Dual Band. Preferred Band kuma shi ke sa katin ya fifita 5 idan sunan ɗaya ne.

Bayan kowane canjin tsaro, sa kwamfutar ta manta da tsohon haɗin, in ba haka ba za ta ci gaba da gwada tsohon tsarin. Daga jerin Wi-Fi danna dama a kan sunan ka zaɓi Forget, ko ka rubuta netsh wlan delete profile name= sannan sunan. Kuma a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba. Wanda ya canza biyar a tare, ko ya gyaru bai san wanne ya gyara ba.

Zangon 6 GHz sharuɗɗansa a taƙaice suke: rauta mai Wi-Fi 6E ko Wi-Fi 7, kati irin Intel AX210 ko AX211, Windows 11, tsaron WPA3, da lambar ƙasar da ta buɗe zangon. Ɗaya ya ɓace, ba za a gan shi ba. AX200 da AX201 Wi-Fi 6 ne ba tare da E ba, ba sa jin 6 GHz.

Mataki na biyar: ya haɗu amma ba daɗi

Rubuta netsh wlan show interfaces. Duba Channel: 1 zuwa 13 kana kan 2.4, 36 zuwa sama kana kan 5. Duba Receive rate ka kwatanta da abin da katin ya iya. Kati mai eriya ɗaya a 802.11n da faɗin 20 MHz iyakarsa 72 Mbps, mai eriya biyu 144. A 802.11ac da faɗin 80 MHz, mai eriya ɗaya 433, mai biyu 867. Wi-Fi 6 mai eriya biyu a wannan faɗi 1201. Abin da zai iso hannunka a zahiri yakan zama rabin wannan ko sama kaɗan. Idan sabis ɗin da ke shigowa gidan bai wuce 20 Mbps ba, kati mai 72 ba shi ne ke riƙe ka ba, kuma sabon kati ba zai ƙara komai ba.

Zangon 5 ya fi gudu amma ba ya jure katanga. Ginin bulo da siminti, da rufin kankare da aka zuba da rodi, da ƙofar ƙarfe, da katangar ƙasa mai kauri, da tankin ruwa, duk suna cinye shi fiye da yadda suke cinye 2.4. A gida mai tsakar gida da ɗakuna a jere, rautar da ke falo ba lallai 5 ɗinta ya kai ɗaki na uku ba. Manhajar auna Wi-Fi a waya za ta nuna ƙarfin da lamba mai alamar ragi: daga -30 zuwa -60 yana da kyau, -67 shi ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya sumul, -75 zuwa ƙasa kuwa sai haƙuri. A irin wannan ɗaki 2.4 ne daidai. Ɗaga rautar sama, a fili, nesa da bayan talabijin da cikin kabad.

Shi ma 2.4 da masu damunsa: tandun microwave da ke aiki a 2.45 GHz, da Bluetooth, da ramukan USB 3.0 masu shuɗin ciki, waɗanda ke fitar da hayaniya daidai wannan zango. Idan Wi-Fi na lalacewa duk lokacin da aka soka hadis (hard disk) na waje, ga dalilin nan.

Idan sigina ba ta da ƙarfi ko kana zaune gaban rautar, zargi eriya. Wayoyi biyu sirara, fara da baƙa, suna saukowa daga bayan sikirin zuwa katin, kuma sukan zare ko su tsinke a wurin maɗaurin murfi bayan an canza sikirin ko an buɗe don share fanka. Wasu laftof masu RTL8723BE waya ɗaya kawai aka sa musu, kuma a Linux direban yakan saurari ramin da ba komai; ana gyarawa da zaɓin ant_sel=1 ko ant_sel=2 a saitin direban.

Abubuwa biyu kuma suna kama da matsalar zango alhali ba ita ba ce. Idan ipconfig ya nuna adireshi mai farawa da 169.254, katin ya haɗu, rautar ce ba ta ba shi adireshi ba; kashe ta ka kunna, ka duba ko ta cika adadin na'urorin da take ɗauka ko an toshe kwamfutar. Idan kuma Wi-Fi na ɓacewa ga kowa a lokaci ɗaya, duba cajar rautar. Wadda ke neman 12V da 2A aka ba ta mai 1A, ko ƙaramin batirin ajiya da ya gaji, za ta riƙa mutuwa tana tashi da zarar aiki ya yi nauyi.

Idan ta tabbata katin ne

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramin katin USB. A karanta kwalin da kyau: N150 da N300 kusan kullum 2.4 ne kaɗai, irin TP-Link TL-WN725N. Wanda aka rubuta AC600 ko AC1300 shi ne mai zango biyu, irin Archer T2U da T3U. 'Yan mitsi-mitsin nan da ba sa fitowa waje eriyarsu ƙarama ce, ga ɗaki mai nisa gara mai sanda. Masu Linux su fifita mai ƙwaƙwalwar MediaTek irin MT7612U ko MT7921AU, domin direbansu yana cikin tsarin tun asali. Bayan an sa, a kashe katin ciki a Device Manager don kada su riƙa karo. A kasuwa kuma a gwada shi nan gaban mai shago da netsh wlan show drivers, tunda kwali na iya faɗin abin da cikin bai ƙunsa ba.

Canza katin ciki ya fi tsafta da ƙarfi, amma sai an duba abu huɗu. Na ɗaya ramin: tsofaffin laftof Mini PCIe gare su, sababbi M.2 mai girman 2230, kuma ba sa shiga ramin juna. A Mini PCIe, Intel Dual Band Wireless-AC 7260 shi ne zaɓin da aka saba. Na biyu kan wayar eriya: na Mini PCIe ya fi girma, na M.2 ƙarami ne mai suna MHF4, tilasta ɗaya a kan ɗaya fasa shi yake yi. Na uku, katunan Intel 9560, AX201 da AX211 rabin aikinsu yana cikin furosesar Intel ne, don haka ba sa tashi a kwamfutar AMD ko tsohuwar Intel. 9260, AX200 da AX210 su ne cikakku masu aiki a ramin M.2 na gama-gari. Na huɗu, wasu tsofaffin Lenovo da HP suna da jerin katunan da BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya yarda da su kaɗai. Ka sa baƙo, ThinkPad ta tsaya da kuskure mai lamba 1802, HP kuma 104, ba za su tashi ba sai an cire. A irin waɗannan sai a nemi kati mai lambar kayan kamfanin, ko a koma USB. Wasu siraran laftof kuma katin a like yake da bod, babu zancen canji.

Wajen aikin: sauke direban sabon katin tukuna, kashe kwamfutar, cire caja da batir, ɗauki hoton yadda wayoyin suke. Ɗaga kan kowace waya tsaye da farce ko ɗan roba, kada a ja ta wayar. Kwance sukuru ɗaya da ke riƙe da katin, zai ɗago da kansa, a zare shi a karkace. Sabon ya shiga a karkace haka nan, a danne, a ɗaure. Ɗora kan eriya daidai saitin raminsa ka danna har ka ji ɗan ƙas. Idan waya ɗaya ce kawai a laftof ɗin, sa ta a ramin da aka rubuta Main, katin zai yi aiki da gudun eriya ɗaya.

Ko bayan duk kwamfutocin gidan sun koma 5 GHz, kada a kashe 2.4 a rautar. Kyamarorin tsaro masu Wi-Fi, da firintoci da yawa, da 'yar na'urar da ake soka wa inbatar sola don duba caji a waya, galibinsu 2.4 kaɗai suka sani. Wajen haɗa su, sa wayar da kake saitin da ita a kan Gida24 tukuna, tsaro WPA2, tasha 1 ko 6 ko 11, sannan ka buɗe manhajar na'urar.